Jinin Da Ba Ya Ciwo

Ranar da matata ta fara ganin jini, cikinta ya kusa shiga wata takwas, ina zaune a bakin gado ina goge takalmi. Ta fito daga banɗaki ta tsaya a kaina ta ce in zo in gani. Na leƙa. Jini ne ja wur, bai fi cikin cokali biyu ba. Na tambaye ta ko tana jin ciwo, ta ce ko kaɗan. Sai na gyara murya irin yadda manya ke yi a wajen aikinmu, na ce ai tunda ba ciwo ba komai. Na koma na ci gaba da goge takalmina.

Gara in faɗa muku ko ni wane ne tun yanzu. A gidanmu da duk layinmu, Likita ake ce mini. A babban asibiti kuwa, inda na shekara shida ina aiki, sunana Mai Turi. Gado mai taya nake turawa, daga ƙofar gaggawa zuwa ɗakin tiyata, daga tiyata zuwa ɗakin kwanciya, wani lokacin kuma zuwa inda ba a dawowa. Sunan Likita da tsokana abokai suka fara shi, mahaifiyata ta ɗauke shi da gaske, ni kuma na ji yana da daɗin amsawa. Na sayi farar riga ta gwanjo da na'urar awon jini. Kullum in na tashi aiki sai in cusa koren kayan turi a jaka, in rataya farar rigar a hannu yadda duk mai ido zai gani. Mama tana gaya wa mutane ɗanta a tiyata yake aiki, ni kuma ina lallashin kaina cewa ba ƙarya ba ne, tunda sau goma nake kaiwa bakin ƙofar a rana.

Matata ce kaɗai ta san gaskiya. Ita ke wanke koren kayan, ta shanya su a bayan ƙofar ɗakinmu inda Mama ba ta leƙawa. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Sau biyu ta yi ɓari kafin wannan cikin, duka biyun sai da aka yi mata wankin ciki, don haka wannan ta riƙe shi kamar ƙwai a hannu.

Washegari ba ta jira ni ba, ta tafi ƙaramin asibitin da take awo. Suka tura ta hoton ciki, ta dawo da takarda biyu. A ɗaki ta yi mini bayani a hankali, kamar ita ce ma'aikaciyar. Ta ce mabiyiya ce ta kwanta a ƙasa ta toshe bakin mahaifa, hanyar da ɗa zai fito. Duk sanda bakin ya ɗan motsa sai ta ɓalle ta zubar da jini. Ba za ta haihu da kanta ba, sai an yi aiki. Sun ce ta tafi babban asibiti a ba ta gado, ta zauna a gaban idonsu har lokacin ya yi, domin can ne kawai akwai ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini.

Babban asibiti ɗaya ne a garin, shi ne nawa. Ɗakin masu ciki yana ƙarshen barandar da nake kai da kawowa a kanta tun safe har yamma. Dangin matata suna nesa, mai jinya ba ta wuce Mama ba. Nan take na hango ta zaune a kan tabarma a bakin baranda har sati huɗu, tana kallon Likitanta a guje da kwanon fitsarin wani, ana daka masa tsawa. Wallahi abin da ya fara zuwa mini ke nan. Ba matata ba, ba ɗan ba.

Mama ta kira mu falo ta ce a karanta mata abin da suka rubuta. Na ɗaga takardar sama wajen haske, na ɓata fuska, na gyaɗa kai sau uku. Kashi ɗaya cikin uku na rubutun ma ban iya karantawa ba.

"Me suka ce, Likita?"

Matata ta zuba mini ido. Na ce ƙaramin abu ne, hutu kawai take buƙata, kuma ni zan riƙa lura da ita a gida. Na ƙara da cewa yaran ƙananan asibitoci sun cika tsorata mutane. Mama ta yi hamdala, ta ce dama ina amfanin likita a gida idan sai an je an kwanta a hannun bare. Matata ta sunkuyar da kai, ta karɓi takardarta ta ninke.

Hutu a gidanmu kuwa yadda Mama ta fassara shi ake yinsa. A bene muke haya, famfo yana ƙasa a tsakar gida, Mama kuma gwiwa ta hana ta hawa da sauka. Kwana biyu matata ta kwanta. Rana ta uku Mama ta ce girki ai ba aiki ba ne, a zaune ake yinsa. Rana ta huɗu ta ce rabin bokiti ba ya kashe mutum. Kafin sati ya zagayo rabin bokitin ya cika, wanki ya dawo, shara ta dawo. Mama ba muguwa ba ce, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan in na tuna. Da zuciya ɗaya take cewa motsa jiki shi ke sa haihuwa ta zo da sauƙi, ita bakwai ta haifa kuma ba wanda bai same ta a bakin aiki ba. In matata ta ce ai an hana ta ɗaukar nauyi, sai Mama ta ce, "To 'yar nan, da da haɗari ai mijinki zai faɗa." Ni kuma in na dawo na tarar da jarkoki a cike, sai in yi kamar ruwan da kansa ya hawo.

Nawa aikin shi ne awon jini. Kowace safiya nakan ɗaura mata na'urar a dantse a gaban Mama, in matsa, in kalli agogon hannu, in ce lafiya lau. Na sayo mata kwalbar maganin ƙarin jini mafi girma a kanti, don girman kwalbar ya nuna girman kulawata.

Kwana tara da na farko, jinin ya dawo. Wannan karon ya jiƙa zani har ya taɓa katifa. Ta rufe ƙofa, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada Mama ta ji.

"Ka kai ni. Ba na buƙatar mai jinya, ni kaɗai zan zauna. In Mama ta zo dubiya zan aiko maka ka ɓuya. Na rufa maka asiri shekara huɗu, sati uku ba zai gagare ni ba."

Kunya ta kama ni, amma ba irin wadda take sa mutum ya tashi tsaye ba. Sai wata dabara ta faɗo mini, har na ji ina alfahari da kaifin ƙwaƙwalwata. Hutuna na shekara zai fara ranar ɗaya ga wata, saura kwana goma sha ɗaya. In na shiga hutu sai in kai ta da kaina cikin kayan gida, in zama ni ne mai jinya, in roƙi abokan aiki su kama bakinsu. Kowa ya tsira da mutuncinsa. Na zayyana mata shirin tiryan-tiryan, har da ƙirga kwanaki da yatsu. Ta tambaye ni ko jinin ya san da maganar hutun. Na yi dariya, na ɗauka wasa take yi.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Washegari na sami babbar sistar ɗakin haihuwa tana rubutu, wata mace mai ƙaramin jiki da babbar murya wadda har likitocin gaske ke shakkarta. Na yi ta goge hannun gadon da yake a goge, sannan na ce wai wani maƙwabcina ne matarsa take ganin jini a wata na takwas, amma ba ciwo.

Ta ajiye biro. Ta ce jini a ƙarshen ciki ba shi da ƙarami. Akwai wanda ke zuwa da azaba, ciki ya yi tauri kamar katako, wannan mabiyiya ce ta rabu da mahaifa kafin lokaci, kuma shi ciwon ma yana koro mutane asibiti. Wanda ba ya ciwo shi ya fi cin mata, domin ana raina shi. Ya ɗiga yau, ya yi shiru, ya ƙara ɗigowa, ran da ya tashi da gaske kuwa kamar an buɗe famfo ne, kuma ba ya jiran a nemo mota. Ta ce a kawo ta yau, a auna jininta, a tanadi mutum biyu da za su ba ta jini, a yi mata allurar da ke ƙarfafa huhun jariri. Sannan ta nuna ni da biron.

"Abu ɗaya kuma, ka ji da kyau. Kada kowa ya sa mata hannu wai zai duba ko haihuwa ta zo. Yatsa ɗaya ya isa ya ɓalle komai. Ka gaya wa maƙwabcin naka in ya bar ta a gida sakarai ne."

Na girgiza kai cikin takaici na ce wallahi Sista, mutanenmu sai a hankali, jahilci ya yi yawa. Har tsaki na yi wa maƙwabcin nan.

Kwanaki suka yi ta tafiya, ni ina ƙirga nawa, ita tana ƙirga nata. Tafin hannunta ya yi fari fat. In ta hawo bene sai ta tsaya sau uku tana haki. Ta shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado. Ta haɗa jakar haihuwa ta tura ƙarƙashin gado, na gani na yi kamar ban gani ba. Ta daina roƙona, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin ta gamsu da shirina. Wani lokacin in ɗan ya motsa takan kamo hannuna ta ɗora a kan cikin. Yana da ƙarfin shuri, har nakan ce wannan ɗan ƙwallo za a yi. Ina son yaron nan, Allah ya sani. Sai dai a lokacin na fi son sunana.

Saura kwana huɗu hutuna, da hantsi, ina tura wani dattijo zuwa ɗakin hoto, wayata ta yi ƙara. Mama ce. Ta ce 'yar nan tana jin bayanta yana riƙewa, ga jinin ya ɗan dawo, ita tana ganin naƙuda ce. Ta kira ƙawarta ta ƙasan bene, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin yaran layinmu, ta zo ta duba ko hanya ta buɗe. Yarinyar tana ta ƙi, wai an hana.

"Ka yi mata magana mana, Likita. A bari ta duba, ko?"

Kalma ɗaya ake nema a bakina, kuma na san ta, an nuna ni da biro a kanta. Na buɗe baki ke nan sai shugabanmu ya ɓullo daga ƙarshen baranda yana ƙwala kira, Mai Turi, Mai Turi, waya kake yi ka bar mutum a hanya? Abin da na ji tsoro shi ne kada Mama ta ji wannan kiran ta cikin waya. Na toshe wayar da tafin hannu, na ce ina cikin tiyata zan kira ta, na kashe. Na ce a raina in na ajiye dattijon nan zan kira. Layin ɗakin hoto kuwa ya yi tsawo ranar.

Ba a yi awa guda ba aka yi kiran gaggawa a ƙofa. Na ja gado a guje yadda na saba. Wata tasi ce, direban ya fito yana salati, ya buɗe ƙofar baya. Jini ya taru a inda ake ajiye ƙafa har yana gangarowa ƙasa. Matata ce kwance a cinyar Mama, idonta a buɗe amma ba ni take kallo ba, leɓenta fari. Mama ta ɗago ta gan ni cikin koren kaya da takalmin roba, ta ce Likita ka taimaka. Sista ta iso, ta dubi matar, ta dube ni, ta dubi takardar da aka ciro daga jakar, wadda ranar da aka rubuta ta take a sama ɓaro-ɓaro.

"Kai ne maƙwabcin?"

Ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na ji sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Tura."

Abu ɗaya na iya a duniya, kuma ranar na yi shi yadda ban taɓa yi ba. Ban bugi bango ba, ban taɓa kowa ba, kwanar da kowa ke rage gudu a kanta na sha ta a guje. A bakin ƙofar tiyata suka karɓe ta suka rufe. Nan ne iyakata, kamar kullum.

Aka fito neman jini, leda huɗu. Aka tambaye ni rukunin jininta, Likita guda, ban sani ba. Nawa bai dace da nata ba, mutum biyun da aka ce a tanada kuma ban tanada ba. Masu shara biyu da mai gadin ƙofa da abokin turina su suka nannaɗe hannun riga suka kwanta. Mutanen nan shekara shida ban taɓa gayyatar ɗayansu gidana ba, don kada su kira ni da sunan aikina a gaban Mama.

Bayan awa uku likitan gaske ya fito, yaro ne da bai kai ni shekaru ba. Ya ce matar ta tsira da kyar. Ɗan namiji ne, ya riga ya tafi kafin su kai gare shi. Jinin ya ƙi tsayawa, sai da suka cire mahaifar gaba ɗaya. Ya ce da an kawo ta ko da jiya ne, aikin rabin awa ne. Bai san ni ne mijin ba sai da ya ga na zauna a ƙasa.

A ƙa'idar wajen, mai turi ke ɗaukar irin wannan zuwa ɗakin ajiye gawa. Abokina ya ce in bari ya kai. Na ce a'a, aikina ne. Sista ta miƙo mini shi a naɗe cikin farin ƙyalle. Ba a buƙaci gado ba, a hannu na ɗauke shi, kuma a hanya na tsaya na buɗe fuskar.

Na ɗauka aƙalla asirina ya tonu, an huta. Ina. Ranar da aka sallamo ta, falonmu ya cika da mata masu jaje, na ji Mama tana ba da labari. Wai da suka isa, Likita da kansa ya fito daga tiyata cikin koren kayan aiki, bai ma jira yaransa ba, shi ya tura gadon da hannunsa. Wai ba don shi ba da uwar ma an rasa. Tsohuwar ƙasan bene tana gefe tana cewa kwana ne ya ƙare, ita hannunta bai taɓa kashe ɗa ba. Wata ta ce ai dama mahaifar yarinyar ba ta da ƙwari, ɓari biyu ba wasa ba. Kowa ya gyaɗa kai. Laifin ya zagaya falon bai sami wajen zama ba, ya wuce ɗaki wajen wadda ke kwance da ɗinki a ciki.

Na miƙe a tsakiyarsu. Na ce ni ba likita ba ne, ban taɓa zama ba. Gado nake turawa. An ce a kwantar da ita tun sati uku da suka wuce, ni na hana don kada a gan ni. An ce kada a sa mata hannu, na sani, na kashe waya. A raina har na fara jin na yi jarumta.

Sai wata ta ce Allah sarki, baƙin ciki ne, har ya sa yana ƙaryata kansa. Mama ta share hawaye ta ce haka yake tun yana yaro, ba ya son a yabe shi. Kafin taron ya watse wata ta matso ta miƙo mini dantse, wai in ɗan auna ta, kwana biyu kanta yana sarawa.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Matata tana kwance ta fuskanci bango, ta ji komai. Na zauna a ƙasa kusa da gadon ina jiran ko zagi ne ko kuka.

"Da ranar da na kawo takardar ka faɗi wannan," in ji ta, "dariya za a yi maka kwana biyu, a manta."

Na ce haka ne.

"An ce kai ka ɗauke shi. Ni ban gan shi ba. Da wa ya yi kama?"

Na so in ce ita, ko zuciyarta ta yi sanyi, amma na gaji da ƙarya. Na ce ni ya ɗebo, har kunnuwan.

Ta juyo a hankali tana dafe da ɗinkin, ta kalle ni sosai, karo na farko tun ranar tasi.

"Da ka bar shi ya zo, ba zai ji kunyar aikinka ba. Ni ma ban taɓa ji ba. Kai kaɗai ne."

Ranar da aka cire mata zare yayanta ya zo ya tafi da ita. Ban tambaye ta yaushe za ta dawo ba, ita ma ba ta faɗa ba.